Ranar Da Na Yi Wa Manhaja Rantsuwa

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na Gurbin Bore ba, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Ina sabon malamin firamare a lokacin, ga baki, ga son a san da ni.

Hedimasta ya dawo daga Zurmi da labarin an canza manhaja: za a ƙara Larabci da Fiƙihu, a ware wa 'yan mata ajinsu, a turo malamai mata da sababbin littattafai. Ya ce ni zan sanar da iyaye tunda na iya magana (sai daga baya na gane dalilinsa).

Na miƙe a ƙofar gidan maigari na yi ta zuba. Wani dattijo makiyayi, Baffa Jaɓɓi, ya ce, "Malam, mun sha jin irin wagga magana. Gaskiya ce?"

Na dafa ƙirji na ce, "Wallahi Baffa, kafin a cire gero za ku gani."

A kan wannan rantsuwa ya ɗauke 'ya'yansa mata biyu daga tallar nono ya kawo mana. Wasu ma suka bi sahunsa.

Aka cire gero, aka yanke dawa. Ba malama, ba littafi. Ajin 'yan matan kuwa gindin dogonyaro ne.

Da jami'in ilimi ya zo zagaye, iyaye suka tare shi a filin makaranta. Ya saurare su yana duba agogo, sannan ya ce manhajar tana gaban kwamiti, wa ya ba da izinin sanarwa? Hedimasta bai ko yi tari ba ya nuna ni: "Yallaɓai, yaro ne, zumuɗi ya ɗebe shi."

Ɗalibaina na leƙe ta taga.

Baffa bai zage ni ba (da ma zagin ya yi). Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da sunan Allah ka kira mu." Ya kama hannun yaransa suka tafi, ba su ƙara dawowa ba.

Na yi kaffara, hedimasta ya sami ƙarin girma. Tun daga ranar, duk babban da ya aike ni da albishir ga talakawa, sai in roƙe shi ya zo ya tsaya kusa da ni. Har yau ban sami wanda ya yarda ba.