Rasuwar Dogo, Hannun da Ya Riƙe Allon Malam Yaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tambayoyin da har yau ba su gama kwanciya ba, Malam Yaji mai buga takardu na unguwar Kolere a Mubi yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar Dogo, baƙin hannun ƙarfen nan da ya yi shekara huɗu yana riƙe masa allon kwamfuta a shago. Marigayin ya cika ranar Laraba tsakanin azahar da la'asar, a daidai lokacin da mai shi ba ya wurin.

Duk wanda ya san Malam Yaji kafin zuwan marigayin ya san shi da karkataccen wuya. Shekara goma sha ɗaya yana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, allon yana zaune can ƙasa a kan tebur, shi kuma ya duƙa a kansa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ciwon ya sauko kafaɗa, daga baya yatsu biyu na hannun dama suka fara mutuwa. Likita ya gaya masa gaskiya: ko ya ɗaga allon ya zo daidai idonsa, ko ya nemi wata sana'ar. Magidanci mai 'ya'ya shida ba ya da wata sana'ar.

Ba a garaje aka zaɓi marigayin ba, domin Malam Yaji ba mutum ne mai saurin yarda ba. Mako uku ya yi yana bincike. Ya ari tef wurin tela ya auna kaurin teburinsa. Ya kifa allon, ya duba ramuka huɗun da ke bayansa, ya auna tazararsu. An kawo masa wani na roba daga kasuwa, ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya mayar. An nuna masa wanda ake kafewa a bango, mai ginin ya ce kada a huda masa bango. A ƙarshe Dogo ya iso daga Kano cikin kwali, da gwiwa biyu da muƙamuƙin da ke cije bakin tebur. A jikin kwalin an rubuta cewa yana ɗaukar kilo takwas. Sau uku Malam Yaji ya karanta rubutun kafin ya sallami direban da ya kawo shi.

Marigayin mai haƙuri ne, marar hayaniya. In an ɗaga shi sai ya ce "tsss", a hankali, kamar dattijon da ya samu wurin zama. In an juya shi domin mai aiki ya duba rubutun sunansa, sai ya ce "ƙiii", ya juya, bai taɓa ƙi ba. A hannunsa wuyan Malam Yaji ya miƙe cikin wata biyu, yatsun suka dawo, har matarsa ta ce ashe mijinta bai kai gajartar da ta ɗauka ba.

Ya rasu ya bar allo ɗaya mai tsaga a kusurwa, da ƙusoshi huɗu, da tebur mai ɗauke da shatin haƙoransa. Ya kuma bar wani ɗan makulli mai lanƙwasa na matse ƙusa da suka zo tare a kwali, wanda ya ɓace wata huɗu da suka wuce, aka kuma same shi a inda za a ji nan gaba.

Jinyar ta fara ne wajen wata huɗu baya. Sai a bar shi tsaye da yamma, a tarar da safe kansa ya ɗan sunkuya. Muryar ma ta canja, "tsss" ta koma "ƙyat, ƙyat". Wasu sun ce ciwon ya zo daidai da lokacin da Malam Yaji ya sayi wani ƙaton allo na hannu ya ɗora masa a madadin tsohon. Mai makoki yana roƙon jama'a su guji irin wannan haɗe-haɗen.

Ranar Laraba ya dawo daga masallaci ya tarar da marigayin ya zube gaba ɗaya, allon ya kifa fuska a kan tebur. Mutum ɗaya ne a shagon: Ephraim mai ɗaukar hoton fasfo, ɗan Michika, wanda suka yi shekara tara suna raba shago ɗaya, janareto ɗaya, da kwanon abincin rana ɗaya. Yana zaune yana ɓare gyaɗa.

"Me ya same shi?" in ji Malam Yaji.

"Ya faɗi, Malam. Na ji ƙara, na juya, ya faɗi."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Nan Malam Yaji ya fara tuna abubuwa. Ephraim dogo ne, kuma an sha ganinsa yana jan allon sama in zai duba hoto. Ephraim ne ke fara buɗe shago kowace safiya. Ephraim ne ya taɓa cewa, yana dariya, wai ƙarfen nan ya fi shi daraja a wurin Malam. Washegari, da Ephraim ya fita sayen ruwa, Malam Yaji ya ja aljihun teburinsa. A ƙarƙashin ambulan na hotuna ga ɗan makullin nan da ya ɓace, bakinsa ya goge yana ƙyalli saboda amfani.

Ranar bai ci abinci tare da shi ba. Ranar Juma'a ya kira kafinta ya auna tsakiyar shagon domin a raba shi da falanki. Ephraim yana kallo, sai ya tattara kujerar masu hoto ya matsar da ita lungu.

Domin a kafa hujja, an kira Sali mai walda ya duba gawar. Ya kwance ta, ya leƙa cikin gwiwar, ya ɗaga allon da hannu biyu, ya sauke da sauri. Sai ya aro sikelin Talatu mai sayar da wake a bakin layi. Allon ya hau sikeli. Kilo goma sha ɗaya.

"Malam, ba wanda ya kashe shi," in ji Sali. "Kaya ne ya fi ƙarfinsa. Ni mamakina ma yadda ya kai wata huɗu. Wannan sati biyu ya kamata ya yi. Akwai mai ɗaure shi."

Can Ephraim ya yi gyaran murya.

"Ni ne. Kullum da safe ina matse ƙusan kafin ka zo. Ranar da ka kawo allo ɗin na ce maka ya yi nauyi, ka ce in tsaya a kan hoto na. To na ga in ya faɗi wuyanka zai dawo. Shi ya sa na ɗauki makulli."

Malam Yaji ya tuna an yi wannan maganar. Ya tuna har rigar da yake sanye da ita ranar. Kunya ta kama shi, ya tsaya yana kallon shatin da ke kan tebur. Sai dai yana so a rubuta a wannan sanarwa cewa Talatu ma 'yar Michika ce, kuma ba a san ranar da aka yi wa sikelinta gyara na ƙarshe ba. Duk da haka ya aika wa kafinta cewa a bar maganar falanki, kuma ranar Asabar an ga hannu biyu a kwanon abincin rana.

Ana nan ana neman magaji. Sharaɗin farko shi ne ya iya ɗaukar kilo goma sha biyar, kuma ba za a yarda da abin da aka rubuta a kwali ba sai Sali ya rataya masa buhu an gani.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Litinin da ƙarfe goma na safe. Kasancewarsa ƙarfe, ba wanka, ba likkafani. Za a naɗe shi a tsohon buhun siminti a taka da shi a ƙafa zuwa wurin 'yan gwangwan da ke gefen mayo, wato kogin garin. Za a karɓi gaisuwa a shago har zuwa azahar, kuma ana roƙon masu ta'aziyya su yi gaisuwa da baki, kada kowa ya taɓa komai a kan tebur. Malam Yaji ya ba Ephraim girman ɗaukar gawar shi kaɗai, a matsayinsa na wanda ya yi jinya. Shi kuwa zai biyo shi a baya, taku biyu, inda zai riƙa ganin hannayensa.