Ranar da Na Zagi Mota a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai wani Bayarabe a makarantarmu da ya rantse ba zai bari ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na duba ko'ina na rasa wanda zan ɗora wa laifin in huta.

Bari in fara da motar. Na daɗe ina jan wata akwala wadda ko me ka zuba mata sha take yi ta gode. Da Allah ya hore sai na rabu da ita na sayi 'yar Kwatano mai turbo, wato irin wadda ke da na'urar cusa wa inji iska da ƙarfi, kana taɓa totur ka ji ta zabura. Na shigo Sabon Birni da ita kaina ya yi wani irin girma. (Har gilashi nake saukewa a bakin kasuwa, ba don zafi ba, don dai a ga mai ita.)

Shi kuwa Bayaraben, Taju, tare muke koyarwa a sakandare. A Sakkwato aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa, kuma irin motata gare shi, ya ma riga ni saye. Ni Bagobiri ne gaba da baya. Wanda ya san tsakaninmu da Yarabawa ya san ba ma zancen hankali. Wasa ne tun na kakanni: in ce shi bawana ne, ya ce ni ne nasa. Duk abin da ya fito daga bakin ɗayanmu ba'a ce, ba a riƙe ta, ba a kuma aiki da ita.

Wata rana ya iske ni a gareji ana canza mini fulogi. Irin wanda na saba sa wa akwalata na sayo, da baƙin mai na durom a galan. Taju ya ɗauki fulogi ɗaya ya juya shi, sai ya fashe da dariya.

"Kai Bagobiri, mi kaka sa ma wagga mota? Wanga ai hulogin injin markaɗe na! Mai turbo zahi gare ta, narke shi za ta yi. Akwai nata mai siririn baki, shi aka sa mata. Wanga mai kuma hwa? Ƙosai za ka soyawa? Turbo dahwa mai takai. Sai mai kyau, kuma a juye shi da wuri, ba sai ya yi baƙi ƙirin ba."

Duk yana faɗa yana dariya har da riƙe ciki. Na ce masa, "Tahi can, bawa! Yaushe Bayarabe yas san mota, in ba wadda ta ɗauko doya da manja ba?" Gareji ya kaure da shewa, na tafi gida ina jin na yi nasara.

To ga inda wautar take. Bayan wannan, duk sanda ya ce, "Ka juye mai?" sai in ƙara jinkirtawa. Domin in na juye bayan ya yi magana, gobe zai shiga ofishin malamai ya yi shelar cewa bawa ya bi umarnin ubangidansa. Sai dai in zaro sandar awon mai in murza a yatsa, in ji da sauran yauƙi, in ce da sauransa. Haka na yi ta dafa injin motata da hannuna don kada Gobir ta ji kunya. Gobir ɗin da ba ta ma san ina yi ba.

Ana nan sai ga ɗaurin aure a Isa. Surukina, mahaifin matata, dattijo mutumin Unguwar Lalle, shi ne waliyyin amarya, ɗiyar ƙanensa marigayi. In bai iso ba, ba aure. Ya saba shiga bas abinsa lafiya lau, ni ne da rawar kai na aika matata ta ce masa ni zan kai shi. Mutumin nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba, a durƙushe nake gaishe shi. A wurinsa ni ne "Malam mai natsuwa".

Muka kama hanya da hantsi, yana gaba da babbar riga, gero ya yi tsawo hagu da dama. Hanya ce da kowa ya san a 'yan shekarun nan ba a son tsayawa a kanta saboda 'yan bindiga. Muka tarar da wata babbar mota tana jan ciki, na ce bari in nuna wa Baba abin da ake kira turbo. Na taka totur.

Motar ta yi tari. Ta fizga gaba, ta ja baya, ta sake fizga, har hular Baba ta zamo masa kan goshi. Ya gyara ta, ya ce "Subhanallahi" a hankali. Sai wani fito ya taso daga cikin inji, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanmu, motar ta gangara gefen titi ta mutu. Na murza makulli, shiru. Na sake murzawa, ta yi gurnani ta yi shiru. Jinina ya hau kai, na manta da duniya da wanda ke cikinta. Na kai wa sitiyari naushi, hon ya yi ƙara, na buɗe baki:

"Shegiya, tsinanniya, 'yab banzam mota! Uwarki da uwar wanda yaƙ ƙera ki!"

Ban tsaya nan ba. Na ƙara da wasu irin na tasha waɗanda ba zan iya rubutawa ba, waɗanda ni kaina ban san na haddace su ba. Sai da na sauke duka na numfasa, sannan na tuna wa ke zaune kusa da ni.

Na juya. Baba ya kau da kai yana kallon gona ta taga, carbi na tafiya a hannunsa. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Gero ya yi kyau bana."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Ya yi kyau, Baba," da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Wayarsa ta fara ƙara: liman ya zauna, dangin ango sun hallara, ina waliyyi? Na buɗe bonet na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema. Bas-bas suna wucewa cike, ba mai ko rage gudu, kuma ban ga laifinsu ba. Gumi ya jiƙa mini shadda, ga tsoron hanya, ga auren marainiya na neman lalacewa a kaina.

Sai ga mota irin tawa sak ta taho tana sheƙi, ta tsaya a bayanmu. Taju ne. (Ni da bakina na gayyace shi bikin, don ya ga yadda Gobirawa ke taro.) Ya durƙusa ya gai da Baba da ladabi. Da Baba ya ji ko wane ne, sai fuskarsa ta washe.

"A'a! Ashe bawana Allah ya aiko man?"

"Baba, ai mu aikinmu ke nan, bin hanya muna tsintar bayinmu da sunka watse."

Suka yi dariya su biyu, dariyar da Baba bai taɓa yi da ni ba. Ya tattara babbar rigarsa ya shiga motar Taju. Kafin su tashi, Taju ya leƙo ta taga, ya kashe mini ido, ya ce, "Hulogi." Da da dutse a hannuna da na jefa.

An ɗaura aure a kan lokaci, alhamdu lillahi. Ni kuwa a ɗaure da igiya a bayan wata a-kori-kura na shiga Isa, bayan an watse. Da aka buɗe inji, bakin fulogin ya narke, man ya zama kamar kwalta, turbo ta ƙone. Babu abin da Taju ya faɗa da bai faru ba, kuma wannan ne ban yafe masa ba. Mutum zai faɗa maka gaskiya, sai ya faɗe ta yana dariya? Da ya ɗaure fuska ko sau ɗaya ne, ai da na ji!

Baba bai taɓa tayar da zancen ba, ko ga ɗiyarsa. Sai dai tun daga ranar, in tafiya ta kama shi, saƙo ɗaya yake aiko mata: "A gai da Malam, a tambaye shi ko Bayarabensa na da sarari."

Na dai koyi darasi: inji bai san wasan kakanni ba, kuma abokin wasa ma yakan faɗi gaskiya. Yanzu fulogin da Taju ya ce shi nake sawa, mai kuwa tun da sauran haskensa nake juye shi. Amma can Isa nake zuwa a yi mini, inda ba wanda zai kai masa labari.