Uban Kulaci Ya Zaɓi Giyar Hannu

Duk unguwar nan babu wanda ya san mota kamar Uban Kulaci. Shi da kansa ya sha faɗa mana, kuma ba mu taɓa jin ya janye maganar ba. Shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Ratsa Daji, mai mutum bakwai da tsofaffin motoci biyar, wadda kawo yanzu dajin da ta fi ratsawa shi ne filin bayan gareji.

Sharaɗin shugabanci ɗaya ne tak, shi ya rubuta da hannunsa: sai mai tuƙa motar giyar hannu.

"Otomatik," in ji shi duk ranar taro, "keken marasa lafiya ne aka sa wa inji! Direba na gaske da ƙafar hagu ake gane shi."

Abin da bai taɓa kawowa a taro ba shi ne, tsohuwar akori-kurarsa otomatik ce. Shekara shida ba ya ɗaukar kowa a gaba, wai kujerar ta lalace. In zai wuce jama'a sai ya sauke baƙin gilashi daidai kafaɗa, ya riƙa motsa ta kamar mai canza giya. Matarsa da bakanikensa kaɗai suka san zancen.

Saura mako a fita dajin shekara, giyabos, wato akwatin giyar motarsa, ya ce ga garinku. 'Yan ƙungiya suka taru a gareji jaje. Bakanike, bawan Allah mai rufa asiri, ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, irin na da zan mayar ko?"

"Irin na da wanne?" in ji sakatare, wanda ya daɗe yana hararar kujerar shugaba.

Uban Kulaci ya gyara tsayuwa. "Wannan ma tambaya ce? Na hannu mana! Ni na yi kama da mai jinya?"

Kwana huɗu bakanike ya yi a ƙarƙashin motar yana huda wa kulaci, abin takawar ƙafar hagu, wurin zama.

Ranar fita kowa ya jeru a bakin gareji. Shugaba ya shiga da ƙasaita, ya leƙa ƙasa, ya tarar da abin takawa uku, ƙafa kuwa biyu Allah ya ba shi. Ya tayar. Mota ta yi tsalle ta mutu. Ya bayyana mana cewa man yanzu duk gauraye ne. Karo na biyu ya ce gwaji yake yi. A na uku ta zabura da baya ta tuntsurar da durom ɗin baƙin mai, ƙaurin kulaci ya cika wurin. Wallahi har tausayi ya ba ni. Sakatare dai ya fito da biro.

Ana haka matarsa ta iso da hular da ya manta. Ita a taraktar mahaifinta ta koyi tuƙi.

"Maigida, ɗan matsa," ta ce.

Ta fitar da motar sumul, ta hau tudun bayan gareji, ta sauko da baya, ta tsaya daidai ƙafar sakatare. Sakataren kuwa ya karanta sharaɗin shugabanci da ƙarfi, sau biyu. Kafin ya kai ga ba da sunansa, hannu biyar sun ɗagu suna nuna ta.

Yanzu ita ke jan ƙungiya. Uban Kulaci yana zama gefenta, a kujerar nan da ta lalace, ashe lafiyarta ƙalau. In za su wuce jama'a, har yau yana motsa kafaɗa.