Yadda Babban Yatsana Ya Saya Mini Jaki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban manoman Bunkure, lasifika a hannu, na yi wa kaina ƙofar rago.

Gonar tumatir ɗina tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Saboda haka na ƙuƙuta na sayi sabon injin ban-ruwa, ja, mai sheƙi. Ina son injin nan. Maiɗakina har cewa take shi na fi goge wa jiki fiye da yaranmu (kuma ban taɓa musa mata ba).

Sannan ina da wani hali. Mutanenmu in za su turo saƙon murya ta waya, sai sun gaishe ka, sun gaishe da iyalinka, sun tambayi zafi, sun tambayi kaji, kafin su zo kan magana. Ni kuwa da nake ganin kaina ɗan zamani, da na ji "ya gida, ya yara" sai in katse, in dangwala alamar babban yatsa, in wuce. Wanda ya fi kowa tsawon gaisuwa shi ne Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, don haka shi ya fi kowa shan yatsana.

Ana nan sai aka ce wata lauya za ta zo daga Kano jin ra'ayin manoma. Wai ana son gyara dokar ciniki ta yadda yarjejeniyar da aka ƙulla ta waya za ta tsaya a gaban alƙali. Abin ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Dillali zai amsa maka ta waya cewa ya sayi tumatir, ka tsinke, ka cika kwanduna, in kasuwa ta karye ya ce ai wasa yake.

Na sa babbar riga, na je rumfar taron, na zauna sahun gaba. Lauyar ta tambaya: "Idan aka yi wa mutum tayi ta waya, ya mayar da alamar yatsa kawai, ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Kafin kowa ya motsa na fizge lasifika.

"Ranki ya daɗe, ya faɗa ƙasa warwas! Yatsa a waya daidai yake da 'na sallama' a gaban shaidu. Duk wanda ya dangwala ya dawo yana kame-kame, ba dattijo ba ne. A rubuta haka a doka!"

Aka tafa. Na ƙara da cewa magana zarar bunu ce (ba wanda ya tambaye ni karin magana, daɗin tafi ne ya ɗebe ni).

Sai na ji gyaran murya daga baya. Kawu Ilu ne ya miƙe, yana lalube a aljihu.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ɗan nan, ka sauke mini nauyi. Dama kunya ce ta hana ni tuna maka. Miƙo na'urar nan."

Ya kanga wayarsa a bakin lasifika. Muryarsa ta cika rumfar: ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya, ya aka ji da tsutsar bana. Ina ta murmushi, domin na san wannan wurin. Sai muka shiga inda ban taɓa zuwa ba.

"To, dama maganar injin nan naka ce. Na ce ko za mu yi musaya, ka ba ni shi, in ba ka jakina, tunda kai yaro ne, ka ja ruwa da shi. In ka amince, ka danna mini ɗan yatsan nan naka."

Kawu ya ɗaga waya yana nuna wa sahu-sahu. Ga yatsana nan, tsaye ƙyam, ko kunya babu.

Rumfa ta kece da dariya. Wani ya faɗo daga benci. Ni kuwa na ji gumi yana bin bayana kamar an buɗe kanal. Na ce, "Kawu, ai ban saurara har ƙarshe ba."

Wani dillali ya ɗaga murya: "Ba dattijo ba ne! Da bakinsa ya faɗa!"

Lauyar ta danne dariyarta da gefen mayafi, ta ce in kwantar da hankali, dokar ba ta ma fito ba. Ta ce ma ta samu abin da za ta kai wa masu gyaran dokar: dole a tabbatar mutum ya ji sharaɗi kafin a kama shi da yatsa, a kuma ba shi 'yar damar janyewa. Kawu ma ya ce in na fasa ba komai, shi dai ya san irin ɗan da ƙanwarsa ta haifa.

Wannan "ba komai" ɗin ita ta ƙarasa ni. Da yamma na je na karɓo jakin, na ɗora masa injina, na kai gidan Kawu, na dawo da jakin. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Yanzu duk ranar ban-ruwa sai na aika wa Kawu saƙon aron injina, kuma yana ba ni, Allah ya saka masa. An ce lauyar tana ba da labarina a wasu garuruwa da sunan "mai jaki". Jakin kuwa yara sun raɗa masa suna Yatsa.

Darasin da na koya shi ne, kafin ka nemi a tsaurara doka, fara duba wayarka. Ko jiya na tsaya cikin rana na saurari saƙon Kawu tun daga sallama har ƙarshe, zuciyata na dukan uku-uku. Ashe jakin yake gaisarwa.