Rasuwar wayata a shafi na bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi a kan tagar kicin, wuri ɗaya tilo da sabis ke shiga gidanmu.

Marigayiya ta zo mini kwance daga hannun yayata, da tsagar fuska, an ɗaure mata baya da roba. Shekara biyar ba ta taɓa ƙorafi ba. Ita ce ke cewa "ƙirrr" idan lokacin maganin Auta ya yi, ɗiyata mai shekara huɗu da ke fama da ciwon sikila.

Jinyarta ta fara ne ranar da na goyi Auta zuwa ofishin rajistar maganin yara kyauta. Ma'aikacin ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce sun daina takarda, in je in cike ta intanet, ai ko yaro zai iya. Na ce wayata tsohuwa ce. Ya ce to, Hajiya, ba shi ya tsufar da ita ba.

Fom ɗin shafi takwas ne, kuma da sabis ya ɗauke sai a koma na ɗaya. Sau goma sha ɗaya muna komawa. Ran Litinin muka kai na bakwai, inda ake ɗora hoto. Jikinta ya ɗauki zafi rau. Ni kuwa jinyar zazzaɓi iri ɗaya na iya, na jiƙa tsumma na lulluɓe ta yadda nake yi wa Auta. Ta ce "tit" sau biyu, ta yi shiru. Mai gyara ya ce da hannuna na ƙarasa ta.

Ta rasu ta bar caja mai son a karkata ta, da layi ɗaya, da hoton Auta cikin rigarta mai kyau wanda bai kai ga hukuma ba.

Za a yi jana'iza a akwatin mai gyara, ba sai kowa ya je ba. Zaman makoki a kicin ɗina ne, har ƙarfe sha biyun Alhamis da za a rufe rajista. Kada a kawo abinci. Duk mai wayar da ke buɗe shafi na takwas, don Allah ya zo da ita cike da caji. Na ɓoye tsumman.