Tafin da Aka Yi Mana a Madrid

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta sunan unguwarmu, da ranar da Turawan Madrid suka tafa mana ni da Alhaji Usman, na miƙe tsaye ina ɗaga musu hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Ni ɗan kasuwa ne a Alƙahira, ina saro abaya da takalma a kasuwar Ataba ina turawa Kano. Boko kuwa a aji uku muka yi hannun riga (malamin ne ya fara gajiya, ba ni ba). Amma a gidan shayinmu na unguwar Ard al-Liwa ni ne mai faɗa a ji kan harkar tafiya. Duk mai shirin hawa jirgi ni yake tambaya, kuma da wannan sunan nake taƙama fiye da jarina. Ɗaliban da ke zama da mu kuwa ba na raga musu. Nakan ce sun haddace littafi amma ba za su iya kai kansu tashar jirgin ƙasa ba.

Da bizar zuwa baje-kolin takalma na Madrid ta fito, na ɗauki aminina Alhaji Usman, Bahaushen Sudan, wanda bai taɓa wuce Umra ba. Tun a jirgi na ce masa, "Alhaji, kai dai ka yi shiru ka bi ni. Turai a tafin hannuna take." (Zuwana na farko ke nan.)

Ran nan bayan magariba muka fita neman wurin shan shayi. Kun san mu, in kana tafe da amininka sai ka riƙe hannunsa kuna hira, haka muka taso. To haka muka shiga wata unguwa, hannu cikin hannu, manyan riguna suna jan ƙasa. Kowace ƙofa da tuta mai launin bakan gizo. Duk wanda ya gan mu sai ya yi murmushi, wani har ya dafa ƙirji.

Na ce, "Ka gani? Sun san dattawa."

Muka leƙa wani wuri mai kiɗa, maza zalla, babu mace ko ɗaya. Na ji daɗi. Na ce, "Nan ne wurin masu kamun kai, ba a cakuɗa maza da mata. Yalla, mu shiga."

Mai kawo abin sha ɗan Maroko ne, yana jin Larabci. Ya ba mu teburi mai kyau, ya kawo lemo, sannan ya dubi hannayenmu ya ce, "Shekara nawa kuke tare?"

"Talatin da biyu," in ji ni. "Ko rana ɗaya ba mu taɓa ɓatawa ba."

"Iyalanku sun yarda?"

"Iyalina sun san in ba shi, ba ni."

Mutumin nan idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya faɗa wa jama'a wani abu da harshensu, sai wuri ya ɗauki tafi. A nan ne na miƙe ina ɗaga hannu. Aka ɗauke mu hoto, aka ba mu kyautar tuta babba.

Alhaji Usman ya matso ya ce a hankali, "Malam, waɗancan biyun na lungu sumbatar juna suke yi."

"Misirawa ba sa sumbatar kumatu? Kai dai baƙauye ne."

"Ba kumatu ba ne."

"Kowace ƙasa da gaisuwarta. Sha lemonka."

Da muka dawo Alƙahira na rataya tutar a barandar gidana, tana kallon titi. Kwana uku tana can. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci gidan shayi ya cika, na fito da waya na ce a zagaya da hoton, kowa ya ga karramawar da ƙungiyar dattawan Madrid ta yi mana.

Wayar ta isa hannun Malam Bashir, magidanci mai karatun digiri na uku, wanda na fi kowa yi wa ba'a. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, don Allah mu ɗan keɓe."

"Ba ni da sirri. Faɗa a nan, ya Shehi, kowa ya ƙaru."

"Baba, gara dai mu keɓe."

"Na ce a nan."

Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Unguwar maza masu son maza ce, tutar tasu ce, kuma tafin na murnar soyayyarmu ne ni da Alhaji Usman, ta shekara talatin da biyu.

Alhaji Usman ya ja kujerarsa can gefe, ya ce, "Na gaya maka ba kumatu ba ne." Sai wuri ya fashe da dariya. Waɗanda suka fi kowa yin a'uzubillahi su ne suka fi kowa cewa a miƙo wayar su sake gani.

Malam Bashir bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, tutar tana ina?"

"A baranda."

"A garin nan tutar nan tana iya kai mutum hannun hukuma."

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Takalmi ɗaya a hannu, ina kutsawa tsakanin masu adaidaita da masu tallan gurasa. Na iso ina haki, na ɗaga kai, babu tuta. Mai gadin gidanmu, Ammu Sayyid, yana zaune a kan bencinsa. Ya shiga ɗakinsa ya fito da ita a naɗe cikin baƙar leda, ya ce tun da asuba ya zaro ta da sanda, kafin mai gida ya gani.

"Ma'alish, ba komai, ya Hajji," in ji shi, yana dafa kafaɗata. "Ni ba na shiga sha'anin kowa. Amma ba a baranda ba."

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu. "Khalas, shi ke nan. Allah Mai rufin asiri ne."

Mutanen Madrid dai ba su cuce ni ba. Sun yi tambaya, na ba da amsa, sun ba ni lemo da kujera. Jakin da ke cikin labarin nan babbar riga yake sanye da ita. Yanzu a gidan shayi ko hanyar Ataba babu mai tambayata, Malam Bashir ake nema. Abin da na koya bayan na haura sittin shi ne, in aka tafa maka a ƙasar da ba ka jin harshenta, ka tambayi abin da ka yi kafin ka miƙe tsaye.