Direban Iware da Injin Yaƙi

Wani direba ne mai jigilar Jalingo zuwa Iware, irin waɗanda in suna ba da labarin tuƙinsu sai ka ɗauka su suka koya wa taya juyawa. Wata rana da la'asar ya leƙa shagon Nathan a Mayo Gwoi, ya tarar da ƙatti da gemu sun kewaye tebur. A kan teburin ga taswira, ga ƙwayar ludo, ga wasu 'yan mutum-mutumi na roba da ba su wuce babban yatsa ba.

Ya tambaya ko yaran gidan ne suka bar kayan wasansu. Nathan ya yi masa bayani a hankali: wasan yaƙi ne, kowane ɗaya injin yaƙi ne mai ƙafa biyu, tsawonsa ya kai tankin ruwan unguwa, kuma akwai direba a cikin kansa. Wata uku ya yi yana musu fenti da hannunsa.

Gogan naka da ya ji an ce direba, sai ya gyara hula. Ya ce duk abin da ke da sitiyari ƙaninsa ne. Njidda, abokin hamayyarsa a tasha, ya ce to su kara. Wanda ya faɗi, daga yau sunansa Kwandasta, kuma a gaban kowa zai amsa. Aka shaida.

Aka ba shi takarda ya zaɓi makamai. Ya zaɓi igwa, ya zaɓi roka, ya ce a ƙaro. Nathan ya ce injin ba zai ɗauka ba.

"Malam Nathan, ni na saka buhun doya sha takwas da akuya huɗu a motar mutum bakwai. Ɗaura sauran a baya."

Aka fara. Njidda yana laɓewa bayan duwatsun taswira, yana harbi ɗaya-ɗaya. Shi kuwa jarumin namu ya miƙe tsakiyar fili kamar ya samu sabuwar kwalta, ya ce a harba komai lokaci guda. Ya jefa ƙwaya. Ko ɗaya bai samu Njidda ba, amma an kashe bishiya biyu.

Nathan ya duba takarda, ya ce injin ya ɗau zafi sosai, in bai huce ba zai mutu a tsaye.

"Zafi kawai? Shi ne kuke ta lissafi kamar 'yan jami'a?"

Kafin a kama hannunsa ya fasa ledar fiya wata da haƙori ya juye wa injin a ka, yadda yake yi wa lagireto. Fentin wata uku ya bi ruwa. Taswira ta jiƙe, dutsen da Njidda ya laɓe a bayansa ya koma kunu. Nathan ya ɗaga kai ya dubi silin.

Sannan ya ce bisa doka injin ya mutu, ba ya motsi, ba ya harbi. Njidda ya matso da nasa har gabansa, ya ɗaga ƙwaya yana murmushi.

"Kawu, ka yarda ka faɗi? In fara kiran sunan?"

Direba ya dubi injinsa yana ɗigar ruwa, ya dubi 'yan kallo da suka yi tsaye.

"Wa ya faɗi? Ku da kuka harɗe hannu, ku zo ku tura. A giya biyu yake tashi."